Baƙin yashin kuza: abin da ke cikin buhun da ake kwana da shi a shago

Kira ne ga dillalan ma'adinai na birnin Kano, da 'yan dako, da masu ba da hayar sito. Kayan da ake saukowa da su daga Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, ko daga Jos, ba kuza zalla ba ne. A dutsen Riruwai masana sun samu wani baƙin ma'adini mai suna kofinait, tare da danginsa biyu, torait da zirkon.

Kofinait haɗin yuraniyom ne da silikon da oksijin, ana rubuta shi USiO4. In tsantsarsa ce, yuraniyom ya haura kashi 70 cikin 100 na nauyinsa. A Kolorado ta Amurka aka fara gano shi a shekarun 1950, akwai shi kuma a ma'adanan yankin Arlit a Nijar. Amma da wuya a same shi tsantsa. Shi da zirkon da torait zubin gininsu ɗaya ne, kamar gidajen haya masu fasali guda, 'yan haya ne kawai ke canjawa. Gurbin da yuraniyom ke zama, toriyom ko zirkoniyom na iya shiga. In itiriyom ne ya shiga, sai fosfaras ya karɓi gurbin silikon don lissafin caji ya daidaita. Haka kuma yuraniyom da toriyom kan kutsa cikin zirkon su zauna. Su biyun kuwa radiyeshan suke fitarwa, ke nan buhun da aka ce maka zirkon ne yana iya fitar da tururin radiyeshan, kuma ido ba ya rarrabewa, launi ba ya faɗa.

Wankin kuza ma ƙara tara waɗannan ma'adinai yake. Yashin gari nauyinsa kusan giram 2.6 ne a kowace santimita kubik, zirkon kuwa 4.7, don haka ruwa ya tafi da mara nauyi, ya bar masu nauyin a ƙasan kwano.

Taɓawa da hannu ba ita ce babbar matsala ba, shaƙa ce. Ƙurar in ta zauna a huhu, tana ci gaba da harbin naman wurin shekara da shekaru. Ga kuma iskar radon da ke fita daga buhunan, ba wari ba launi. Bayan taba sigari, tana sahun gaba wajen jawo ciwon dajin huhu, mai shan taba kuwa haɗarinsa ya fi na kowa. Abin da ya fi damun mu shi ne yaron shago da ake bari ya kwana a kan buhuna, an kulle ƙofa da taga saboda sanyin hunturu.

A ajiye kaya a rumfa mai iska, nesa da ɗakin kwana da wurin abinci. Kafin a tankaɗe ko a juye buhu, a yayyafa ruwa. A sa takunkumin N95, don ƙyalle ko rawani ba sa tare wannan ƙura. Shara da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Kayan aiki su tsaya a wurin aiki, a wanke hannu kafin cin abinci ko goro. Ragowar yashin kuma, komai arharsa, kada a buga bulo ko a yi filasta da shi, don kada ka gina radon a cikin bangon ɗakinka.

Sai ruwa. Yuraniyom na kofinait ba ya narkewa da sauƙi, amma in aka bar tsibin yashi a fili, iska da ruwan sama suka yi aiki a kansa, sai ya koma nau'in da ke bin ruwa. Shi kuma ƙoda yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikrogiram 30 a lita ɗaya ta ruwan sha. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ƙara masa kauri in ruwa ya ƙone. Kada a zuba yashin kusa da rijiya ko burtsatse. Mai babban sito ya nemi a auna masa kaya da na'urar gwajin radiyeshan. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya kuma ita ke kula da dokar irin waɗannan kaya a Najeriya.