Ciwon bayan da ya sauka ƙafa ba na wanzami ba ne

Jama'ar Daura, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ta kawo mana marasa lafiya asibiti ranga-ranga, ƙafafu sun mutu, fitsari yana zuba ba da saninsu ba, idan kuma muka ɗaga riga sai mu tarar da gadon baya cike da tabon ƙaho da tsaga. Ka tambayi 'yan uwa yaushe abin ya fara, su ce tun kafin damina, wai jifa aka yi masa.

Haba jama'a! Laka a cikin ƙashin baya take, ƙahon wanzami ba ya isa gare ta, kuma murzar mai ɗori tana iya ƙarasa lakar da ƙari ko ƙashi ya riga ya danne. Na san ƙauna ce take sa ku wannan fafutuka, amma watannin da kuke ɓatawa wajen tsaga su ne suke cinye ƙafar.

Hoton ƙashi da muka saba yi ƙashi kawai yake nunawa sosai. Hoton MRI, wanda yake aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, shi ne yake fito da lakar kanta, likita ya ga ko ƙari ne, ko faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya zame, ko kuwa tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Wannan na ƙarshe yana warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Hoton yana da tsada, ban musa ba, amma ku lissafa raguna nawa aka sayar wajen yawon magani kafin a zo mana.

Duk wanda ciwon baya ya haɗu masa da sanyin ƙafa, ko dindiris, ko riƙewar fitsari, a kai shi asibiti a ranar, kada a biya ta gidan wanzami. Idan likita ya tura ku Katsina ko Kano yin hoton MRI, ku tafi. A wajen hoton za a kwanta shiru kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, na'urar tana da ƙara amma ba ta da zafi. A cire 'yan kunne, sarƙa, waya da makulli. Mai na'urar bugun zuciya, da wanda harsashi ya taɓa maƙalewa a jikinsa, da mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, su faɗa wa ma'aikata tun kafin su shiga ɗakin.