Me ake nufi da koyar da al'adu ta hanyar wasannin allo?

Kalmar "wasannin allo" da ake ji a bakin masu harkar ilimi ba ta da alaƙa da allon makarantar Alƙur'ani. Ana nufin duk wasan da ake zama a yi a kan katako, kwali ko ƙasa da aka zana wa gidaje, ana tura 'ya'ya bisa ƙa'ida, kamar dara da lido. Koyar da al'adu da su kuwa shi ne malamin firamare ya kawo wasan wata al'umma cikin aji, yara su buga da hannunsu, sannan a bi sawun asalinsa da sunayensa.

Dara ta fi sauƙin farawa, domin ba ta buƙatar komai sai fili a tsakar makaranta. Ana haƙa gidaje 30, layi biyar na gida shida-shida, wani ya riƙe tsakuwa 12, ɗayan kuma karare 12, duk wanda ya jera uku sai ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Idan yara suka ƙware, malam sai ya kawo ayo na Yarbawa, mai ramuka 12 da ƙwayoyi 48, wanda ake zuba ƙwaya rami-rami kamar mai shuka. Daga nan za su ji cewa Akan na Ghana suna da irinsa mai suna oware, Sawahili kuma suna da bao mai ramuka 32. Yaron da ya ga ɗan ajinsu Bayarabe ya cinye shi a wasan da ya koya wurin kakansa, ya fara ganin cewa a gidan wancan ma akwai ilimi.

Lido ma, da yara ke ɗauka na gida ne, ya samo asali daga wasan pachisi na Indiya, kuma a Ingila aka yi masa rajista a ƙarshen ƙarni na 19.

A ganina, wurin da ake kuskure shi ne a ajiye kwalin wasa a aji a ce an koyar da al'ada, alhali ba a tambayi yara sunan wasan a harsunansu ba. Akwai kuma iyayen da ke ƙyamar duk wasan da ake jefa ɗan lido, saboda kamarsa da caca, shi ya sa malamai masu lura suke zaɓar dara da ayo, waɗanda lissafi kawai ke ba da nasara a cikinsu.