Sauya girman baƙi a harsunan shirya manhaja

Sauya girman baƙi aiki ne da manhaja ke yi wa rubutu, ta mayar da ƙaramin baƙi babba ko babba ƙarami, kamar a mayar da "gusau" zuwa "GUSAU". Kusan kowane harshen shirya manhaja yana da umarnin yin haka. Bai shafi ajami ba, domin baƙaƙen Larabci ba su da babba da ƙarami.

Tarihi

Tsarin ASCII, mai ba kowane baƙi lamba a kwamfuta, da aka fitar a Amurka a 1963, manyan baƙaƙe kaɗai ya ƙunsa, sai a bugun 1967 ƙananan suka shigo. An ba A lamba 65, a kuma 97, haka tazarar 32 ta bi har Z. Saboda haka aikin ya zama ɗan lissafi: a ƙara 32 ko a cire. A kan wannan aka gina umarnin toupper (mai mayar da baƙi babba) da tolower (mai mayar da shi ƙarami) na harshen C.

Unicode, tsarin ba baƙaƙen harsunan duniya lamba wanda ya fito a 1991, ya rushe wannan sauƙin. Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga boko a wajajen shekarun 1930, sun isa misali. Ƙ tana lamba 408, ƙ tana 409, maƙwabtan juna. Amma Ɗ tana 394, ɗ tana can 599, Ɓ kuma 385, ɓ 595. Babu lissafi ɗaya da zai haɗa su, dole manhaja ta duba jadawali.

Matsala da Hausa

Umarnin da ASCII kaɗai ya sani yakan tsallake ƙugiya. A harshen PHP, umarnin strtoupper na mayar da "ƙaura namoda" zuwa "ƙAURA NAMODA", sai an yi amfani da mb_strtoupper ake samun daidai. Ana iya cin karo da irin wannan a jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata.

Alamar hamza ma tana da nata rikicin. Umarnin title na harshen Python, mai ɗaga baƙin farko na kowace kalma, yana ɗaukar ta a matsayin ƙarshen kalma, sai "sa'adu" ya fito "Sa'Adu", "jama'a" kuma "Jama'A". Shi kuwa capitalize, baƙin farko kaɗai yake ɗagawa, don haka yakan bar "'yan" yadda take, ya kuma ɓata "Birnin Kebbi" zuwa "Birnin kebbi". Rubutun Nijar ya tsira daga matsalar 'y, tunda ƴ da Ƴ yake amfani da su, sai dai manhajar da ke karɓar sunaye a garin iyaka irin Kamba za ta gamu da salon biyu.

Wasu harsuna

A Jamusanci ß takan koma SS, kalma ta ƙara tsawo. Turkanci na da i mai ɗigo da marar ɗigo, kowacce da babbarta.

Amfani

Ana sauya girman baƙi wajen bincike da kwatanta kalmomi. Python ya ƙara umarnin casefold a 2012 don wannan.