Ta ina jama'a za su zo? Waiwaye kan kulob da hanyoyin garinsa

Tun da Everton ta bar Goodison Park ta koma sabon filinta na bakin ruwa a Bramley-Moore Dock cikin birnin Liverpool a 2025, maganar da ta fi yawo a bakin magoya bayanta bayan ta ƙwallon kanta ita ce maganar tasha. Fili ne mai cin mutum sama da dubu 52, an kashe masa kuɗi na fitar hankali, amma tashar jirgin ƙasan da ta fi kusa da shi, wato Sandhills, ƴar ƙarama ce, kuma tun a wasannin gwaji mutane suka fara kuka da dogon layi da matsatsi a hanyar komawa gida. Ni dai abin bai ban mamaki ba, don wannan rigima ta hanya da fili ta girmi duk wanda ke raye yau, kuma in ka bi tarihinta za ka ga sau da yawa ita ke yanke wa kulob hukuncin girma ko tsayawa wuri ɗaya tun kafin a buga ƙwallo.

Mu koma 1888, shekarar da William McGregor na Aston Villa ya tara kulob 12 suka kafa lig ta farko a Ingila. Shida daga Lancashire, shida daga tsakiyar ƙasar, babu ko ɗaya daga Landan. Garuruwan nan duk layin dogo ya riga ya ɗinke su, ma'aikatan masaƙu da masana'antu kuma sun samu hutun rabin yinin Asabar, to kulob zai iya shiga jirgi da safe ya je ya buga wasa ya dawo ya kwana a gida, wannan shi ya sa tsarin yau a gidanka gobe a gidana ya yiwu. Sunderland tana da ƙarfi a lokacin amma tana can arewa maso gabas nesa da kowa, sai a 1890 aka karɓe ta, shi ma da sharaɗin za ta riƙa taimaka wa baƙinta da kuɗin tafiya. Ka ga tun ranar farko nisan gari haraji ne a kan kulob.

Wasu kulob ɗin ma reluwe ce ta haife su kai tsaye. Manchester United a 1878 sunanta Newton Heath LYR, ma'aikatan sashen taragu na kamfanin jirgin Lancashire da Yorkshire ne suka kafa ta. Peñarol ta Uruguay daga kulob ɗin ma'aikatan reluwe ta samo asali a 1891, haka Rosario Central a Ajantina, haka su Lokomotiv a Rasha da gabashin Turai, haka su Ferroviário a Mozambik. Duk inda dogo ya shiga sai ka tarar da ƙwallo ta biyo bayansa.

Akwai wani labari da nake yawan tunawa saboda yadda ya fito da abin ƙarara. Fainal ɗin kofin FA na 1901 tsakanin Tottenham da Sheffield United a filin Crystal Palace na Landan mutum sama da dubu 110 suka kalla, aka tashi 2-2, aka ce a sake bugawa a Bolton. Lokacin ana aikin gyaran tashar Bolton, kamfanin jirgi ya ƙi sayar da tikiti mai rahusa irin wanda aka saba yi wa ƴan kallo, sai mutum dubu 20 da ɗoriya kawai suka je. Kulob ɗin su ne dai, kofin shi ne dai, mako guda kacal a tsakani, abin da ya canza kuɗin jirgi ne.

Amma in ana neman kulob ɗin da hanya ta sauya masa rayuwa gaba ɗaya to Arsenal ce. Ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886 a Woolwich, can kudu maso gabashin Landan, tana wasa a Plumstead, wuri ne da kogin Thames ya tokare ta gefe ɗaya kuma zuwansa daga tsakiyar birni wahala ne, ƴan kallo ba sa zuwa, kuɗin ƙofa ba ya isa, har a 1910 kulob ɗin ya kai bakin rushewa. Henry Norris da ya karɓe ta ɗan kasuwar gine-gine ne, ya san darajar fili tana ga hanyar da ta kai gare shi, sai ya tsallake kogi ya nemo fili a Highbury a 1913, dab da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road a layin Piccadilly, unguwa cike da jama'a. Tottenham ta yi ƙorafi, Clapton Orient ma ta yi, mutanen unguwar ma wasunsu ba su so ba, amma aka koma, kuma daga nan ne gabar Arsenal da Tottenham ta samo tushe. Daga baya koci Herbert Chapman ya matsa har aka sauya wa tashar suna ta koma Arsenal a 1932, wato duk wanda ya buɗe taswirar jirgin Landan sai ya ga sunan kulob ɗin ko yana son ƙwallo ko ba ya so. A shekarun 1930 sau biyar suka ci lig. Ba na cewa tasha ce ta ci musu kofi, Chapman da waɗanda suka gaje shi da ƴan wasansu ne suka ci, amma kuɗin da aka sayo ƴan wasan da shi daga ƙofa ya fito, ƙofar kuma jirgi ne ke cika ta. Su kuwa mutanen Woolwich da aka ɗauke musu kulob ɗinsu ba a cika tuna su ba in ana ba da wannan labari, kuma gaskiya abin yana damuna, don su ne farkon waɗanda suka biya kuɗin rashin hanya.

Chelsea ita ma kusan haka, saura ƙiris a sayar wa kamfanin jirgi na Great Western filin Stamford Bridge ya mayar da shi wurin tara kwal, mai wurin, Gus Mears, ya canza shawara ya gina filin wasa, sannan aka ƙirƙiro kulob a 1905 don ya cika filin.

Sai zamanin jirgin sama ya zo, wanda in ba don shi ba da babu kofin zakarun Turai da aka fara a 1955, don ba yadda za a yi ka buga wasa Laraba a wata ƙasa ka dawo ka buga lig Asabar ta jirgin ƙasa da na ruwa. Amma an biya da rayuka. Ranar 4 ga Mayu 1949 jirgin Torino ya faɗi a tsaunin Superga suna dawowa daga Lisbon, mutum 31 suka rasu, kulob ɗin da ya fi kowane ƙarfi a Italiya ya ƙare a yini ɗaya. Ranar 6 ga Fabrairu 1958 kuma Manchester United tana dawowa daga Belgrade, sun yi shatar jirgi ne saboda dole su iso gida kafin wasan lig na Asabar kuma a zagayen baya hazo ya taɓa jinkirta su a hanyar dawowa daga Prague, suka tsaya shan mai a Munich, a yunƙurin tashi na uku dusar ƙanƙarar da ta narke a kan titin jirgin ta hana shi samun gudun da zai ɗaga. Mutum 23 suka rasu, takwas ƴan wasa ne. Allah Ya kyauta.

Har yau ma jirgin sama bai raba kowa daidai ba. Las Palmas da Tenerife da ke tsibiran Kanari kusan duk wasan waje sai sun hau jirgi, kulob ɗin gabashin Rasha irin SKA Khabarovsk tafiyar awa bakwai zuwa takwas ce a sama kafin su kai Mosko, ga bambancin agogo, a Afirka kuma inda sau da yawa zuwa maƙwabciyar ƙasa sai an yi zagaye ta wata tashar, TP Mazembe ta Lubumbashi sai da ta sayi jirginta na kanta. Ko manya ba su tsira ba, a Afrilun 2010 tokar dutsen Iceland mai aman wuta ta rufe sararin Turai, Barcelona ta Guardiola ta shiga bas ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin kwana biyu zuwa Milan, Inter ta doke ta 3-1. Masu son Inter za su ce ƙwallo aka fi su, kuma da gaskiyarsu, amma ba kocin da zai so ƴan wasansa su shiga wasan kusa da ƙarshe da gajiyar mota a ƙafa.

Inda ni nake ganin an fi tafka kuskure shi ne zamanin mota. Bayan bala'in filin Hillsborough na 1989, inda ƴan kallo da dama suka mutu a turmutsitsi, rahoton binciken alƙali Taylor ya sa manyan kulob ɗin Ingila suka koma filaye na kujeru zalla, tsofaffin filayen kuma suna matse a tsakiyar gidaje ba wurin faɗaɗawa, ƙasa a cikin gari tsada, to sai aka fara ficewa bayan gari kusa da babbar hanya inda ƙasa ke da araha kuma akwai wurin faka mota. Bolton ta koma Horwich a 1997, mil da dama daga tsakiyar garin, tashar jirgin wurin sai daga baya ta zo. Na Coventry ya fi ban takaici, sun bar Highfield Road da mutane ke takawa da ƙafa a 2005 suka koma fili mai cin dubu 32 kusa da babbar hanyar M6, aka yi ta jiran tasha har shekara goma, da aka buɗe ta a 2016 sai ya zama jirgin da ke bin layin tarago ɗaya ne mai kujera 75 sau ɗaya a awa, saboda haka aka riƙa rufe tashar na awa guda bayan tashi daga wasa don gudun turmutsitsi. Tasha a ƙofar fili amma ranar wasa ba ta da amfani! Mai mota ba ruwansa, zai sha gosulo ya isa gida, wanda abin ya faɗa wa shi ne yaro ɗan makaranta da dattijon da ya shekara arba'in yana zuwa da ƙafa da mai keken guragu da duk wanda bai da abin hawa, kuma irin waɗannan su ne ƙashin bayan kulob, yaron da bai saba zuwa fili yana ɗan shekara goma ba da wuya ya fara yana da talatin.

Jamus ta bi wata hanyar da ni dai ta fi kwanta mini. A mafi yawan kulob ɗin Bundesliga tikitin shiga wasa shi ne kuma tikitin bas da jirgin cikin gari na ranar, an riga an haɗa kuɗin a ciki, shi ya sa Dortmund ke iya shigar da mutum dubu 81 ta fitar da su duk bayan mako biyu. Bayern ta gina Allianz Arena a gefen birni a 2005 amma a kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 ne, kuma an faɗaɗa tashar Fröttmaning saboda filin. Brighton a Ingila ta yi irin wannan, filinta na Falmer da aka buɗe a 2011 yana wajen gari amma manne da tasha, aka haɗa kuɗin jirgi da bas a cikin tikiti. Kulob ɗin nan da a 1997 ya rasa filinsa har yana zuwa Gillingham, mil 70, yana buga wasan gida, shi ne ya hau Firimiya a 2017.

Ko a manyan birane masu layuka rututu lissafin bai da sauƙi. Arsenal ɗin nan da ta koma Emirates a 2006, tashoshi biyu daga cikin waɗanda suka fi kusa da filin, Holloway Road da Drayton Park, ba sa iya ɗaukar taron, ana taƙaita su ko a rufe ranar wasa a kora mutane zuwa Finsbury Park da Highbury & Islington. Tottenham ta gina fili na sama da dubu 62 a 2019 amma daga tashar ƙarƙashin ƙasa ta Seven Sisters tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa. Fainal ɗin zakarun Turai na 28 ga Mayu 2022 a Paris kuma ya nuna yadda ƙaramar matsalar sufuri ke zama barazana ga rai, yajin aiki a layin jirgin ƙasa na RER B ya karkatar da dubban magoya bayan Liverpool zuwa layin D, daga can aka tura su ta wata ƴar siririyar hanya ta ƙarƙashin gada zuwa wurin bincike ɗaya, mutane suka matse, ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa har da kan yara, aka jinkirta wasa sama da rabin awa. Da farko an ɗora wa ƴan kallo laifi, sai rahoton bincike na 2023 ya wanke su ya ce babban alhakin na UEFA ne.

Yanzu kuma talabijin ta ƙara nata. Ana ɗaga wasa a mayar da shi ƙarfe takwas na daren Litinin ko Juma'a don masu kallo a gida, wani lokacin makonni kaɗan kafin ranar, bayan mutum ya riga ya yanki tikitin jirgi mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa. Magoyin bayan Newcastle da aka kai wasansa gaɓar kudu da dare ya san kafin alƙalin wasa ya busa tashi jirgin ƙarshe da zai kai shi gida ya riga ya wuce, ko ya kwana a otal ko ya kwana a bas ya wuce wurin aiki da asuba, kuma ƙungiyoyin magoya baya sun shekara da shekaru suna roƙon a riƙa duba jadawalin jiragen kafin a sa lokacin wasa.