Koyar da Turanci a Makarantun Sakandare na Najeriya

Turanci, ko Ingilishi kamar yadda 'yan makaranta suka fi kiransa, darasi ne na dole ga kowane ɗalibin sakandare a Najeriya, tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har zuwa aji uku na babba. Matsayinsa ya sha bamban da na sauran darussa, domin bayan kasancewarsa darasi mai zaman kansa, da shi ake koyar da Lissafi da Kimiyya da Labarin Ƙasa, da shi kuma ake tambaya a jarrabawarsu. Yaron da bai kama Turanci ba, sau da yawa yana da amsa a kansa, tambayar ce ke gagararsa. Jami'o'i kuma suna neman kiredit biyar kafin su ɗauki ɗalibi, kuma dole Turanci ya kasance a ciki.

Asali

A Arewa ba da Turanci boko ya fara ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake karatu a cikinta. Turanci ya samu gindin zama ne a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ɗalibanta sun yi suna da tsabtar lafazi, amma 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, malami na iya bin kowannensu baki da baki. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga miliyoyin yara, ajujuwa suka cika suka batse, yawan ƙwararrun malamai kuwa bai bi sahu ba.

A baya, tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana tanadin a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru uku na farkon firamare, sannan a koma Turanci daga aji huɗu. A makarantun gwamnati da yawa na ƙasar Hausa, wannan sauyi ba ya kammaluwa: malami ya rubuta da Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe. Haka yaro ke shigowa sakandare da littafi cike da rubutun da bai iya karantawa ba.

Hukumomin jarrabawa

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ce mafi daɗewa. Tana shirya jarrabawar kammala sakandare a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, kuma hedkwatarta na Accra. NECO ta Najeriya ce kaɗai, an kafa ta a 1999, tana da mazauni a Minna. Sakamako yana tafiya ne daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an wuce, amma ba su kai mutum jami'a. Saboda makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, iyaye masu hali kan biya wa yaro duka biyun, in Turanci ya kuɓuce a wannan a same shi a waccan. JAMB kuma, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, da aka kafa a 1978, darussa huɗu take tambaya a kwamfuta, uku ɗalibi ya zaɓa gwargwadon abin da zai karanta, Turanci kuwa babu zaɓi.

Yadda takardar take

A tsarin da WAEC ta daɗe a kansa, takardun Turanci uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓin amsa a kan kalmomi da nahawu. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci: wasula, baƙaƙe, kalmomi masu amo ɗaya, da gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma. A Najeriya ba da baki ake amsa ta ba, zaɓar amsa kawai ake yi, don haka ɗalibi na iya cinye ta alhali bai taɓa furta sautukan daidai ba, abin da ke damun duk malamin da ya ɗauki aikinsa da muhimmanci.

Takarda ta biyu ita ce ƙashin bayan jarrabawar. Akwai insha'i na kalmomi kusan 450, wanda zai iya zama wasiƙa, ko jawabi, ko muhawara, ko maƙala, ko labari. Akwai auna fahimta, sannan taƙaitawa. Maki 50 na insha'i an kasa shi huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu. Wannan goman na ƙarshe shi ke ba malamai ciwon kai. Kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alamar rubutu, mai duba takarda zai zagaye shi ya cire rabin maki. Kuskure ashirin ya cinye goman ke nan, kuma ɗalibai da yawa suna cika ashirin ɗin kafin su kai tsakiyar shafin farko: sunan gari da ƙaramin baƙi, jimla ba aya, fi'ilin da ya kamata ya nuna jiya yana nuna yau.

Taƙaitawa ma tana kayar da yara. Za a ce a kawo dalilai uku cikin jimla uku, ɗalibi ya gano inda amsar take, sai ya ɗauko sakin layin ɗungurungum ya sauke a takardarsa. Masu dubawa suna hukunta irin wannan kwafe. Abin da ake nema shi ne ya fahimta, ya faɗa a gajarce da kalmominsa, a cikakkiyar jimla.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe

Yawancin kurakuran ɗalibi Bahaushe suna da tushe a harshensa, kuma malamin da ya san haka ya fi saurin gyara su. Hausa ba ta raba "p" da "f" a matsayin sautuka biyu, shi ya sa "pan" da "fan" ke rikicewa. Ba ta da "v", ba ta da sautin farkon "think". Ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, kamar yadda "bread" ya zama burodi. Wasulanta biyar ne, kowanne da dogo da gajere, Turanci kuwa yana da sautukan wasali kusan 20.

A nahawu ma haka. Da yake muna cewa "Audu ya tafi", yaro sai ya rubuta "Audu he went". Kalmar "ji" ɗaya ce gare mu ga kunne da hanci da jiki, sai a ga "I hear smell". "Ara mini" kan fito a "borrow me". Yaron da aka nuna wa daga ina kuskuren ya taso yana riƙe gyaran, ba kamar wanda aka yi wa jan biro kawai ba.

Shirin jarrabawa

Da an shiga aji uku na babbar sakandare, darasi kan koma bitar tambayoyin shekarun baya. Ana yin lesin bayan tashi da ranakun Asabar, a kuma yi jarrabawar gwaji. A wasu jihohi, irin su Kano, akwai jarrabawar tantancewa da ake kira kwalifayin, wadda da ita gwamnati ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Bita tana da amfani: tana koya wa ɗalibi rabon lokaci, da ƙa'idar wasiƙar hukuma mai adireshi biyu da take, da yadda ake ambaton sunan yankin jimla da aikinsa.

Sai dai bita ba ta haifar da iya rubutu. Wannan sai da yawan karatu da yawan rubutu, da malamin da zai zauna ya duba. A nan yawan ɗalibai ke karya gwiwa. Malamin da ke da aji huɗu, kowanne da yara 80, in ya ba da insha'i ɗaya ya tara littattafai 320. Ko minti biyar-biyar ya ba kowanne, ya haura awa 26. Shi ya sa wasu yara ke gama zango ba a duba musu insha'i ko sau biyu ba. Malamai masu himma kan rage wa kansu nauyi ta hanyar ba da sakin layi ɗaya maimakon cikakken insha'i, ko su rubuta aikin wani yaro a allo ba suna, aji ya taru ya gyara. Ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida, da karanta labarai a taron safe, suna sake wa yara baki fiye da tarar da ake ci wa mai yin Hausa a aji.

Tsoron faɗuwa Turanci na cikin abubuwan da ke kai iyaye da ɗalibai cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo, duk da dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri. Hukumomin kan riƙe ko su soke sakamakon cibiyar da aka kama, abin ya shafi har yaran da suka rubuta da guminsu. Wanda kuma ya tsira da kiredit ɗin ta wannan hanya, yana shiga jami'a ko kwalejin ilimi zai tarar da kwas ɗin Turanci na dole yana jiransa a shekarar farko.