Gam na tiyata a aikin fankiriyas

Gam na tiyata wani haɗi ne da likitoci ke shafawa a inda aka yanka domin ya tsayar da jini ko ya toshe yoyo. Wanda aka fi sani shi ne gam na fibirin, ana yin sa da sinadarai biyu daga jinin ɗan Adam, fibirinojin da turombin. Da sun haɗu sai su daskare, kamar yadda jini ke sandarewa a bakin rauni. A Amurka an amince da wani irinsa mai suna Tisseel a 1998. Akwai kuma TachoSil, ƙyallen kolajin (sinadarin da ke ƙarfafa fata da nama) da aka shafe da waɗannan sinadarai biyu.

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, tana fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Ɗinka ta akwai wuya. Idan lafiyayya ce, laushi gare ta; duk wanda ya taɓa yanka wagashi da zare a kasuwar Nima ya san yadda zare ke ratsa abu mai laushi. Ga shi ruwanta nama yake narkarwa, in ya zubo cikin ciki sai ya haifar da ƙurji ko ya ci jijiyar jini. Wannan yoyon shi ne babban abin tsoro bayan aikin Whipple, tiyatar cire kan fankiriyas, wanda Allen Whipple ya bayyana a 1935. Likitoci na gano shi ta auna sinadarin amiles a ruwan da ke fita ta robar da aka bari a ciki, daga kwana na 3 bayan aiki: in ya ninka na jini fiye da sau 3, akwai alamar yoyo.

Shi ya sa aka sa rai da gam. Sai dai nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitoci, bai ga ya rage yoyon yadda za a ce a zo a gani ba. An kuma gwada toshe bututun fankiriyas da gam maimakon a ɗinka shi da hanji, sai ciwon suga ya yawaita ga waɗanda aka yi wa.

Don haka ɗinki da sitefila, na'urar haɗe nama da ƙananan ƙarafa, su ne madogara har yau, gam ƙari ne kawai, kuma mai tsada. Iyalin da aka tura majinyacinsu asibitin Korle Bu a Accra ko na Komfo Anokye a Kumasi, abin da ya fi dacewa su tambaya shi ne sau nawa likitan ke yin wannan aiki a shekara, da kuma wa zai riƙa duba robar da dare.