Ƙagar Duniyar Almara Don Wasa: Ina Kogi, Ina Hamada?

A wasannin taka rawa, inda kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari, irin Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, mai jan ragamar wasa yakan zana taswirar duniyarsa da kansa. Ga wasu tambayoyi da masu sabon hannu ke yawan yi.

Duniyar da ke cike da dodanni da matsafa, me ya haɗa ta da dokokin yanayi?

'Yan wasa sun shigo da shirin yarda da dodo. Abin da ba su shirya yarda da shi ba shi ne kogi mai hawa tudu, ko kurmi manne da ƙasar ƙanƙara babu dalili. Ƙari a kan haka, taswira mai ma'ana ita ke faɗa maka inda birni zai kafu da inda za a gwabza yaƙi.

Da me zan fara?

Da tsaunuka, tun kafin ka raɗa wa masarauta suna. Manyan tsaunuka a jere suke zuwa, domin suna tasowa ne inda ɓangarorin ɓawon ƙasa suka yi karo. Himalaya ta fara tashi ne bayan Indiya ta tunkuyi Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, Andes kuwa ta bi gaɓar yammacin Kudancin Amurka daga arewa har kudu. In kana son tsauni tilo a fili, mai da shi dutse mai aman wuta, kamar Kilimanjaro.

Koguna fa?

Nan ake gane taswirar sabon shiga. Ruwa gangare yake bi, kuma ƙananan rafuka haɗuwa suke yi su zama babban kogi. Kogi ba ya rabuwa biyu ya nufi tekuna daban-daban. Rarrabuwar da aka saba gani a bakin teku take faruwa, kamar ta Nilu a Masar. Akwai togaciya: kogin Casiquiare a Benezuwela ya ɓalle daga kogin Orinoco ya zuba a kogin Rio Negro, amma irinsa ba su da yawa, don haka guda ɗaya ya ishi taswirarka. Tafki ma yawanci mafita ɗaya gare shi. Wanda ba shi da mafita kuwa, ruwansa kan yi gishiri, kuma ka samu abin fatauci a wasanka ke nan.

Ta yaya zan san inda ruwan sama zai sauka da inda zai zama hamada?

Abu uku za ka duba. Na farko nisa daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A yankin ikwaita iska mai zafi ke tashi sama ta zubar da ruwanta, sannan ta sauko busasshiya a wajen digiri 30 arewa da kudu. Shi ya sa Sahara da hamadar Larabawa da ta Ostareliya duk suke kusa da wannan yanki.

Na biyu tsauni. Iska mai laima in ta hau tsauni sai ta huce ta zubar da ruwa a fuskar da ta taho, ta gangara ɗaya ɓangaren ba komai. Kudancin Himalaya na shan damina mai ƙarfi, tudun Tibet da ke bayanta kuwa a bushe yake. Saboda haka ja kibiyar iska a taswira kafin ka shafa kore.

Na uku shi aka fi mantawa, wato kwararar ruwan teku. Ruwa mai sanyi da ke bin gaɓa yana hana hadari haɗuwa, dalilin da ya sa Atacama a Kudancin Amurka da Namib a kudu maso yammacin Afirka suke bakin teku amma hamada ne. Ruwa mai ɗumi kuwa yana sassauta sanyi: Landan da birnin Calgary na Kanada duk suna wajen digiri 51 arewa, amma hunturunsu ba ɗaya ba ne.

Zan iya sa dusar ƙanƙara a ƙasa mai zafi?

Ƙwarai, in ka ba ta tsawo. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a duk hawan mita 1,000. Kilimanjaro mai mita 5,895 tana daf da ikwaita, ga ƙanƙara a kanta.

To ina sihiri zai shigo?

Duk inda ka ga dama, da sharaɗin ka bi sawun abin da zai haifar. In matsafi ya tsayar da hadari a kan masarauta ɗaya har abada, kogunanta za su cika, ƙasar da ke gaba ta hanyar iska kuma za ta shiga fari. Mutanenta za su yi ƙaura, ko su ɗauki makami, ko su nemi 'yan wasanka su je su karya asirin.